Likita ta ce ina da PCOS, to me ya kawo gwajin sukari?

'Yar Nima:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Shekara uku da aurena ban samu ciki ba, kuma al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Bayan hoton mara da gwajin jini, likita ta ce ina da PCOS, wato matsalar gidan ƙwai da ke rikita al'ada, sannan ta tura ni gwajin sukari. Neman haihuwa ya kai ni asibiti, kuma ba ni da ƙiba, to mene ne haɗinsa da ciwon sukari?

Anti Nas, Mamobi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Haɗin yana wajen insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. Jikin mata da yawa masu PCOS ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai ya dinga ƙara samar da shi, yawansa kuma yakan sa gidan ƙwai ya fitar da sinadarin maza fiye da kima. Daga nan ƙwai yake ƙin nuna, al'ada ta rikice, gashi ya fito a haɓa. Ranar da jiki ya gaza samar da isasshen insulin, sukari sai ya hau. Siririya ma ba ta tsira ba, balle idan akwai ciwon sukari a gidanku. Ki duba wuyanki da hamatarki: baƙin da wasu ke ta dirza da soso suna zaton dauɗa ce, sau da yawa alama ce ta wannan.

Ki nemi gwajin da ake ɗibar jini da safe kafin karyawa, a ba ki giram 75 na gulukos, a sake ɗiba bayan awa 2. Idan sukarin jinin farko ya kai 7.0 mmol/L ko na biyu 11.1 mmol/L, an shiga ma'aunin ciwon sukari. Idan kina da sikila, ki faɗa musu, domin wani gwajin sukari da ake kira HbA1c yakan yi kuskure ga masu sikila.

Hajiya, Madina:
'Yata, ni metformin aka ba ni, maganin rage sukarin jini, kuma makonnin farko ya dami cikina har sai da na koma sha bayan abinci. Abin da ya fi mini wuya shi ne rage sukarin koko da barin burkina mai sanyi a zafin Accra. Waake kuwa ina ci, amma waken ya rinjayi shinkafar.

'Yar Nima:
Na gode, Anti, na gode, Hajiya. Mahaifiyata tana da ciwon sukari, kuma ban faɗa wa likita ba domin ban ɗauka ya shafe ni ba. Ranar Litinin zan koma, in sha Allah.