Shawarwarin da suka fito daga majalisarmu ta Tudun Wada

Hirar daren Asabar da kuɗin haya ta faro, ta ƙare a siyasa. Matasanmu sun ce sun yi hannun riga da akwatin zaɓe, tunda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabo. Wani dattijo ya ce: "'Ya'yana, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ko kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba su fito ba. Zamanku a gida wa ya cuta?" Shawararsa a karɓi katin zaɓe, a kuma sa ido kan kansila da ɗan majalisar jiha, don su ake iya tarewa a masallacin Juma'a.

Zanga-zanga kuwa, an tuna ta Agustan 2024 da ta jawo dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Aka ce in babu jagoran da aka sani, a zauna a gida.

Batun gida ya fi daɗewa, ni ma nan na fi kasa kunne. Mai sayen fili a Rigasa ya fara bincika takardunsa a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, kafin ya ba dillali ko sisi. Ɗan haya kuma ya nemi yarjejeniya a rubuce da rasit, ko da mai gidan kawunsa ne.