Darɓa da kiyashi sun addabi kabeji da tattasaina: wane maganin gida ne ya dace?

Maman Hanifa, Anguwar Rogo:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan lambu a bayan gida, wanda na shuka wa kabeji da tattasai da alayyafo a cikin buhuna tun ƙarshen damina. Makonni biyu ke nan da na lura ganyen tattasan yana nannaɗewa, kuma da na juya bayansa sai na tarar da wasu ƙananan ƙwari kore sun yi cincirindo, na jikin kabejin kuwa launin toka ne da su. Ganyen ya yi danƙo, wani wurin har ya yi baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, ga kiyashi suna hawa da sauka ba dare ba rana. Na zuba toka a gindin buhunan, kiyashin suka ɓace kwana biyu, sannan suka dawo. Ba na son fesa maganin kasuwa, domin abin da yara za su ci ne, ga kaji suna kiwo a wurin. Shin kiyashin ne ke cin ganyen, ko waɗancan ƙwarin? Da wanne ya kamata in fara?

Malam Ɗanladi, mai lambu a Lamingo:

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Abin da kika gani shi ne darɓa, kuma mu da muke noman rani a bakin ruwa mun saba da ita, musamman daga shigowar hunturu zuwa watan Maris, lokacin da babu ruwan sama da zai wanke ta. Kiyashin ba sa cin ganyenki. Darɓa ce ke huda ganye da ɗan siririn bakinta tana tsotse ruwansa, sai ta fitar da wani ruwa mai zaƙi, wanda shi ne danƙon da kika taɓa, kuma a kansa ne baƙar funfunar nan take tsirowa. Wannan zaƙin kiyashi ke bi. Kiwon darɓar suke yi kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu domin nono: suna tatsarta, suna korar ƙwarin da ke cinta, wani lokaci har su ɗauke ta su kai ta kan sabon toho. Saboda haka idan kika kori kiyashi kawai, darɓa tana nan, kuma muddin tana nan sai sun sake gano hanya.

Ki fara da darɓar. Ki tsinke ganyen da ya lalace sosai ki binne shi nesa da lambun, sannan ki wanke sauran da ruwa mai ɗan ƙarfi. Bayan haka ki narka sabulun salo, kimanin cokalin cin abinci ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa, ki fesa da yamma idan rana ta yi sanyi. Abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne ruwan sabulu ba ya kashe ƙwaron da bai taɓa jikinsa ba, kuma da zarar ya bushe aikinsa ya ƙare. Wanda ya watsa shi a saman ganye ya tafi, wanka kawai ya yi wa shukar. Dole ki ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya ki jiƙa bayansa da kan toho, kabeji kuma ki buɗa tsakanin ganyen tun bai dunƙule ba, domin idan ta shige cikin ƙullin babu feshin da zai isa gare ta. Ki maimaita bayan kwana huɗu ko biyar, aƙalla sau uku. Dalilin maimaitawar shi ne macen darɓa ba ta jiran namiji, haihuwar 'ya'ya take yi kai tsaye, kuma 'yar da aka haifa yau kan fara tata haihuwar cikin mako guda ko kwana goma.

Kada ki yi amfani da garin sabulun wanki, yana ƙona ganye. Ko na salon ma ki gwada a ganye biyu ko uku, ki jira kwana ɗaya ki ga yadda suka yi.

Hajiya Talatu, Bukuru:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni sabulu shi kaɗai bai wadatar da ni a kan kabeji ba, sai da na haɗa da 'ya'yan dogon yaro. A kan ɓare busassun 'ya'yan a daka ƙwayar, a auna kimanin giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da tsumma mai laushi, a ɗiga ruwan sabulu kaɗan domin ya kama ganyen, tunda na kabeji santsi gare shi, ruwa gangarewa yake yi. Ganyen bishiyar ma yana aiki, amma bai kai ƙwayar ƙarfi ba. Ni daga Bauchi ake kawo mini, can ya fi samuwa. Kada ki ɗauka za ki wayi gari ki ga gawarwaki, domin shi hana su ci da girma yake yi, sai bayan 'yan kwanaki ake ganin bambanci. Hasken rana na kashe ƙarfinsa, don haka da yamma ake fesawa, kuma ba a ajiye wanda aka jiƙa. Ki bar kwanaki kafin ki tsinki alayyafon, ki kuma wanke shi sosai, in ba haka ba yara za su ƙi miyar saboda ɗaci.

Game da toka, ba ƙarya ba ce, amma tana aiki ne idan tana bushe. Da kin yi ban ruwa shi ke nan. Abin da ya fi shi ne ki bi layin kiyashin har raminsu. In ramin yana nesa da saiwa, ki kwarara masa tafasasshen ruwa. In kuwa a cikin buhun suka yi gida, ki jiƙa ƙasar sharkaf, za su kwashe ƙwansu su tashi.

Sani, Farin Gada:

Ranki ya daɗe Hajiya, ni kuwa na ga wasu na jiƙa ganyen taba su fesa, kuma ƙwarin na mutuwa nan take. Me ya sa ba a ambace shi ba?

Malam Ɗanladi:

Sani, da gangan na bar shi. Ruwan taba guba ne na gaske, yana shiga jikin mutum ta fata, kuma bai dace da gidan da ke da yara da kaji ba. Bayan haka taba na iya ɗauko wata cuta mai dabbare ganye ta sa wa tumatir da tattasai, tunda danginsu ɗaya. Wanda ke son ƙari ya daka tafarnuwa da barkono ya zuba a ruwan sabulun, ya kiyaye idonsa.

Maman Hanifa, akwai abu biyu da na manta. Idan kina yawan zuba takin yuriya ko ɗanyen kashin kaji, ki rage, domin toho mai laushin da suke sa shuka ta fitar shi darɓa ta fi so. Sannan duk tattasan da sabon ganyensa ya ci gaba da fitowa a murɗe yana dabbare-dabbare bayan ƙwarin sun tafi, ki cire shi gaba ɗaya, domin darɓa na yaɗa cuta daga shuka zuwa shuka, kuma wannan ba ta da magani. Darɓa ce ta yaɗa cutar da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975.

Maman Hanifa:

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya. Na bi layin kiyashin yau da safe, ashe a ƙarƙashin buhun tattasai na biyu suka yi gida, kuma kashin kaji kam na zuba shi ba kaɗan ba. Sabulun salo ina da shi, zan fara da yammacin nan. Hajiya, na kuma ga wasu 'yan ƙwari ja masu sheƙi da ɗigon baƙi a bayansu a cikin darɓar, su ma in fesa musu?

Hajiya Talatu:

A'a, ki bar su, darɓar suke ci, su da 'ya'yansu. Ki ɗauke su a hankali ki sa a wani ganyen kafin ki fesa.