Rediyo mai kaset na kuka da zarar na tayar da injin jirgi

Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa mai inji da nake jigilar fasinja da shi a Yauri. Na ɗaura masa rediyo mai kaset irin na mota, na haɗa shi da batir mai volt 12 da injin ke caja.

In inji a kashe yake, sauti garau. Ina tayarwa sai wani kuka siriri ya shiga lasifika, ina ƙara wa inji wuta kukan yana ƙaruwa, a kaset da FM duka. Fasinja har cewa suke in kashe.

Na kankare koren tsatsar kan batir, na sauya fis da wayar baƙa, na goge kan kaset da auduga da sifirit, na nisanta eriya daga inji. Duk a banza. Da na gwada rediyon da wani batir da ba ya haɗe da inji, kukan ya ɗauke ɗif. Abin da ya fi tayar min da hankali: mitar awon batir na nuna volt 12.6 in inji a kashe yake, amma in yana aiki tana wuce 15.

Masana wuta, matatar ƙara (na'urar tace irin wannan kuka) ce zan sa a wayar ja, ko cajar injin ce ta lalace?