Neman shawara kan gyara fihirisar babin jerin haruffa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wa ɗalibaina littafin jagora kan Python, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, da manhajar tsara littattafai ta Sphinx, kuma fihirisar babin jerin haruffa (wato rubutu, abin da ake kira string a Python) ta tsaya mini a rai. Sunayen ayyuka kaɗai ke cikinta, irin su strip da split da join. Jiya wata ɗaliba ta yi ta lalube tana neman yadda ake cire sararin da ke farko da ƙarshen rubutu, ba ta samu ba, domin ba ta san cewa strip ake kiransa ba. Yaya zan gyara ta ba tare da na cika ta da tarkace ba?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya san sunan aiki ba ya buƙatar fihirisa sosai, saboda haka ka fara da buƙatar mai nema. A umarnin index na Sphinx, pair yana haifar da shigarwa biyu daga layi ɗaya, ta yadda wanda ya duba ƙarƙashin "sarari" da wanda ya duba ƙarƙashin "cirewa" duk za su isa wuri guda. Idan kalma ta bayyana a shafuka da yawa, ka sa alamar motsin rai a gaban wadda ke ɗauke da cikakken bayani, Sphinx zai fito da ita a matsayin babbar shigarwa.

Amsa ta biyu: Ni abin da ya fi damuna shi ne ayyukan da suke kama da juna. Idan aka ba lstrip, mai cire haruffa daga farkon rubutu, kalmar "mamaki" aka ce ya cire "ma", abin da zai rage shi ne "ki", domin yana ta cire kowane m da a har sai ya ci karo da wani harafi dabam. Shi kuwa removeprefix, wanda ya zo a Python 3.9 a shekarar 2020, "maki" zai bari. Na sha ganin wannan kuskuren ya lalata sunayen fayiloli, don haka ka haɗa su biyun da seealso, wanda ke nuna wa mai nema wata shigarwa mai alaƙa da wadda ya duba.

Amsa ta uku: Malam, kada ka manta da haruffanmu masu ƙugiya. Tun Python 3.0 a 2008, len, aikin da ke auna tsawon rubutu, yana ƙirga ƙ harafi ɗaya, amma a UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, bayit biyu take ci (bayit ma'aunin wurin ajiya ne). A ƙarƙashin "tsawo" ka sa shigarwa biyu, ɗaya ta haruffa ɗaya ta bayit.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Da lstrip zan fara yau da daddare.