Me za mu kira "bone density" da Hausa?

Mai shirin lafiya a rediyo, Gusau:
Salamu alaikum. Ina haɗa shiri kan karayar kwatangwalo a tsakanin dattawa maza, sai kalma ɗaya ta cije: "bone density". Shi ne abin da na'urar DXA ke aunawa a kwatangwalo da ƙashin baya, wato yawan sinadarin da ya danƙaru cikin ƙashi. Na rubuta "kaurin ƙashi", amma hankalina bai kwanta ba.

Malamar jinya, Birnin Kebbi:
Kauri ba zai yi ba, Malam. Ƙashi yakan yi kauri a waje, ciki kuwa duk ramuka. Da ma maza na ɗaukar raunin ƙashi ciwon mata ne, alhali kusan ɗaya cikin uku na masu karyewa a kwatangwalo maza ne, kuma sun fi mata rasuwa a shekarar farko bayan karayar. Kana cewa kauri, ƙaton dattijo zai shafa cinyarsa ya ce ba da shi ake ba.

Malamin Hausa, Ƙauran Namoda:
Nauyi ma a bar shi, mutane sikeli za su tuna. Ƙwari fa?

Malamar jinya:
Ƙwari ya yi faɗi, ranka ya daɗe. Abu biyu ke ba ƙashi ƙwari: abin da ke cikinsa, da yadda aka ƙera shi. Kan ƙashin cinya yana da wuya wanda ya karkata ya shiga gurbin kwatangwalo, kusan digiri 125 a jikin baligi. Tsawon wuyan nan, faɗinsa da kaurin ɓawonsa duk ana duba su. Maza biyu za su fito da maki ɗaya a na'ura, amma haɗarinsu ya bambanta saboda ƙira.

Mai ɗori, Argungu:
Ɗiyata ta yi gaskiya. Mu abin da munka gada, in tsoho ya zame wurin alwala ya kasa tashi, ƙafa ta gajarce, tafin ya juya waje, wuyan cinya ne ya tafi. Wanga ba aikin kara da tsumma ba ne, asibiti muke turawa. Irin wanga ƙashi cewa muke ya yi holoƙo, kamar azarar da gara ta cinye ta bar ɓawo.

Malamin Hausa:
Baba ya gama magana. Kishiyar holoƙo ita ce cika. A ce "cikar ƙashi", ɗayan kuma "ƙirar wuyan cinya".

Mai shiri:
Ba za a zaci ɓargo ake nufi ba?

Malamar jinya:
Jimla ɗaya ta raba wannan. Kuma kalmar cika tana ɗaukar lissafi: cikar ta ragu, cikar ta kai makin -2.5, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1994 don gane ciwon raunin ƙashi. Don Allah ka ambaci abin da ke rage ta: taba, giya, maganin danne sinadarin maza da ake ba masu kansar prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da daɗewa kan magunguna irin su dexamethasone, wanda wasu ke sha kawai don su yi ƙiba.

Mai shiri:
Na ɗauki cikar ƙashi. Baba, in ka yarda zan sa muryarka a shirin, kai za ka faɗi holoƙon da bakinka.