Muhawara: A tilasta wa malamai rigakafi idan annoba ta sake zuwa?

Baba Hedimasta: Jama'a, ni dai ra'ayina bai canza ba. Idan wata annoba irin korona ta dawo, malamin da ya ƙi allura kada ya shiga aji. Mutum ɗaya ne ke tsayawa gaban yara tamanin a ɗaki mai taga biyu, yana magana tun safe har azahar. A Maris na 2020 aka rufe makarantu, yara suka yi watanni a gida, wasu 'yan matan ma ba su dawo ba, aure aka yi musu. Allura ta fi wannan sauƙi.

Malamar Lissafi: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Ni na yi allurar da raɗin kaina. Amma korona tsofaffi ta fi kashewa, ba yara ba, kuma da nau'in korona na Omicron ya ɓulla a ƙarshen 2021 mun ga masu allura suna kamuwa suna yaɗawa. Idan don kare yara ne, hujjar ta yi rauni. Idan don kare malamin ne, jikinsa nasa ne.

Anti Nas: Malama, allurar ta rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Kuma kada mu ɗauka kowace annoba korona ce. Mashaƙo da ya ɓarke a Kano a 2023 yara ya fi ci, ta tari da atishawa yake yaɗuwa. Idan irinsa ne, za ki bar malami marar rigakafi a aji ɗaya da 'yarki?

Malamar Lissafi: Wannan kam sai na yi tunani, Anti. Amma kin ga ashe cutar ake dubawa, ba doka ɗaya ga kowace annoba ba.

Ɗan Fagge: Ku kuna magana kamar mutane haka kawai suke ƙi. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, 11 suka rasu, shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta. A 2003 Kano ta dakatar da allurar shan-inna, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Me ya dawo da mutane? An sake gwada maganin rigakafin shan-innar, an kawo na Indunusiya, sarakuna da malaman addini suka shiga gaba, har aka wanke Najeriya daga cutar a 2020. Da barazanar kora aka bi, da yanzu ana nan ana fama.

Baba Hedimasta: Ɗana, to maniyyata fa? Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da shaidar allurar sanƙarau. Kowace shekara mutanenmu suna bin layi suna miƙa dantse, ban taɓa jin wanda ya fasa Hajji saboda haka ba. Sai a kan aji ne allura ta zama zalunci?

Malam Na Zariya: Baba, maniyyaci ya san sharaɗin kafin ya biya kuɗin kujera. Mu kuwa muna tsakiyar aiki aka zo da shi. A Oktoban 2021 gwamnatin Kaduna ta ce ma'aikaci ba zai shiga ofis ba sai da katin rigakafi. Ka tuna jihar da ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017 ce. Wa zai tsaya gardama? Wasu suka yi allurar zuciyarsu ba ta so, wasu suka nemi kati ta bayan fage. Sunan malami na cikin rajista, jikinsa babu komai, kowa kuma ya saki jiki da shi.

Anti Nas: Katin bogi laifin mai sayarwa ne da mai saye. Kuma gwamnatin tarayya ta ba ma'aikatanta mafita: daga 1 ga Disamba 2021, ko katin allura ko sakamakon gwaji na cikin awa 72.

Malam Na Zariya: Gwajin da kuɗinsa a asibitin kuɗi ya haura mafi ƙarancin albashi na wancan lokacin, naira 30,000? Duk bayan kwana uku? Haba Anti. Kuma a wannan watan ne aka lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare, alhali akwai makarantun ƙauye da ko mai allura ba su gani ba.

Baba Hedimasta: To a kai allurar makaranta kyauta, a ba da wa'adi, a ɗaga wa mai lalurar da likita ya tabbatar. Bayan haka wanda ya ƙi ya zauna gida.

Malamar Lissafi: Da albashi ko babu, Baba? Sannan maigadi da mai shara da mata masu dafa abincin yara, waɗanda yawancinsu ba sa cikin takardar albashin gwamnati, wa zai duba nasu katin?