Neman shawara: Mijina ɗan Ostireliya ne, muna son gano asalin kakan kakarsa

Maman Yasmin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Adelaide, mijina ɗan ƙasar nan ne kuma ya musulunta kafin aurenmu. Kafin kakarsa ta rasu, ta sha faɗa musu cewa kakanta "Afgan" ne mai tuƙa raƙuma a wajen Marree, wani ƙaramin gari a cikin hamadar jiharmu ta Ostireliya ta Kudu. Hoto ɗaya kawai ta bari, wani dattijo da rawani, babu suna a bayansa. Maigidan yana son ya san ko wane ne, ni ma ina so saboda yaranmu. Matsalar ita ce surukata ba ta son zancen sam, da an taso shi sai ta canza magana. Daga ina za mu fara?

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Kada ku fara daga dattijon, ku fara daga kakar ku riƙa komawa baya. Ku nemi takardar rasuwarta da ta aurenta da ta haihuwarta, a nan za ku ga sunayen iyayenta. Kowace jiha ke riƙe da nata rajistan, kuma Ostireliya ta Kudu ta fara tun 1842, don haka kuna da sa'a. Sai dai ku yi hattara da rubutun suna. Ma'aikatan lokacin yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, mutum ɗaya sai ka gan shi Mahomet a nan, Mahomed a can.

Hajiya Babba: 'Yata, ni abin da ya tsaya mini a rai surukarki ce. Wa dattijon ya aura? Mutanen nan ba su zo da matansu ba, da yawa sun auri matan Aborijin, 'yan asalin ƙasar. Har zuwa wajen 1970 hukuma na ƙwace yaran irin waɗannan gidaje daga hannun iyayensu, shi ya sa wasu suka ɓoye asalinsu don su tsira da 'ya'yansu. Wataƙila ba kunya ba ce ke sa ta shiru, tsoro ne da ta gada. Ke suruka ce, ki ja bakinki. Ɗanta ne zai zauna da ita a hankali. Idan ta tabbata akwai jinin Aborijin, cibiyar nazarin al'amuran Aborijin, wato AIATSIS, a Canberra tana da sashen da ke taimaka wa masu neman danginsu.

Malam na Perth: Ƙarin bayani kaɗan. Kalmar "Afgan" da ake kiransu da ita ba ta nufin duk daga Afganistan suke. Da yawa daga Balucistan, Sindh da Punjab suka fito, wato yankin Pakistan na yau. Wani attajiri mai suna Thomas Elder ya shigo da raƙuma da masu kula da su ta tashar jiragen ruwa ta Port Augusta a 1866, daga nan su ne suka riƙa kai kaya cikin hamada, har da kayan aikin layin tangaraho da aka kammala a 1872. Masallacin Adelaide da ke kusa da ku su suka gina shi a ƙarshen shekarun 1880.

Ga inda nake ganin za ku dace. Bayan dokar taƙaita shige da fice ta 1901, wanda ba Bature ba in zai je gida ya dawo, sai ya nemi takardar da za ta ɗauke masa jarrabawar shifta da ake yi wa baƙi a tashar jiragen ruwa. Irin takardun nan suna ɗauke da hoton mutum da shatin tafin hannunsa, kuma suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa. In kun gano sunansa, ku bincika da shi a shafinsu, ku gwada da hoton da ke hannunku. In dai bai taɓa komawa gida ba, to ba lallai a same shi a nan ba.

Ummu Aisha: Ku yi gwajin DNA kawai ku huta.

Baban Khalil: Ummu Aisha, gwajin ba ya ba da suna. Mutum na tsatso na biyar, abin da zai rage a jinin maigidan kaɗan ne, sai dai a ce masa akwai ɗigon Kudancin Asiya. Amfaninsa shi ne yana iya haɗa su da dangi masu rai da suka yi gwajin. Amma yana kuma tono abin da ba a nema ba, a gidan da uwa ta riga ta ƙi zancen. Ni da zan ba da shawara, a bar shi sai ƙarshe. Kafin nan ku shiga Trove, shafin ɗakin karatu na ƙasa, tsofaffin jaridu ne kyauta. Masu raƙuma sun sha fitowa a labaran kotu da tallan fatauci. Ku tuna Hergott Springs ake kiran Marree a da, ku bincika da sunan biyu.

Maman Yasmin: Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji, ba zan sake tayar mata da maganar ba. Maigidan ya ce yana da takardar rasuwar kakar a cikin kayan mahaifiyarsa, sai ya roƙe ta tukuna. Malam, shin ana biyan kuɗi kafin a ga takardun da ka ambata?

Malam na Perth: Waɗanda aka riga aka ɗora a intanet kyauta ne. Wanda ba a ɗora ba, za ku biya a ɗauko muku hotonsa.